Ciwon Ɓarin Kai: Ƙirgen da Nake Yi a Bayan Littafin Awo

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Yau na juya littafin da nake rubuta awon masu kawo ɗinki, na ja layuka a shafukansa na baya. A nan zan riƙa ƙirga kwanakin ciwon kaina.

Shekara 11 ke nan ina ɗinki a Anguwan Rogo, amma ciwon ɓarin kai ya girmi shagon, tun ina budurwa nake fama da shi. A da sau ɗaya yake zuwa a wata, daf da al'ada. In ɗaure kai tamau da ɗankwali, in shafa man zafi, in kwanta, washegari in tashi garau. Tun daminar bana ya canja salo. Yanzu in aka tambaye ni sau nawa yake zuwa, sai dai in ce kullum, kuma na san wannan ba amsa ba ce.

Abin da ya faru jiya ne ya sa na ɗauki biro. Ina cikin yanka leshin wata amarya sai wani ɗigo mai ƙyalli ya fito a gefen ganina na dama. Ya yi ta buɗewa yana walƙiya, baki-baki kamar ɗinkin zigizag, har layin allin da na ja ya ɓace mini. Maimakon in ajiye almakashi sai na ci gaba, don ranar Laraba za a karɓi kayan. Hannun riga ya tafi a karkace. Bayan kamar minti 20 idona ya washe, ciwon kuma ya sauka a ɓarin hagu yana bugawa kamar ana daka a ciki. Na yi amai sau biyu. Yaran shago suka kashe fitila, suka tsare mini keke na tafi gida.

Baban yara ne ya ce, "Ki riƙa rubutawa. In mun je asibiti kada a tambaye ki ki tsaya lalube." Zan rubuta ranar, da lokacin da ya fara, da ɓarin da ya kama, da maganin da na sha, da yadda na yi barci.

Talata, 31 ga Disamba, 2024

Kwana 18 da fara rubutu, 11 da ciwo. Sanyin Jos ya kankama, da asuba ruwan alwala kamar ƙanƙara, ƙurar hunturu kuma ta rufe duwatsu. Kowa ya ce sanyin ne. Wataƙila yana ciki, amma ai a watan Satumba babu hunturu, kuma haka nake.

Hajiya surukata ta zo dubiya da habbatus sauda da ruwan tofi. Ta ce, "'Yar nan, wannan ciwo naki a haɗa da addu'a, bakin mutane ba abin wasa ba ne." Na karɓa, na gode mata, ina kuma sha. Mai kemis ɗin layinmu shi kuma ya ce taifot da maleriya ne. A bana kaɗai sau uku na sha maganinsu, biyu daga ciki ba tare da gwajin jini ba.

Laraba, 15 ga Janairu, 2025

Mun je asibiti. Tun ƙarfe 7 muka karɓi kati, sai bayan azahar na ga likita, amma ban yi da-na-sanin jiran ba. Mace ce, ta kuma karɓi littafin awon nan ta duba shi layi-layi, abin da ban zata ba.

Daga 14 ga Disamba zuwa 13 ga Janairu, kwana 31: ciwo a kwana 19, 11 daga ciki na kwanciya ne. Wannan na riga na ƙirga a gida. Layin da ban ƙirga ba shi ta ɗora wa yatsa.

"Hajiya, kwana nawa kika sha magani?"

Muka ƙirga tare. Kwana 22. Ya fi kwanakin ciwon yawa, saboda akwai safiyar da nake haɗiyar ƙwaya tun kafin komai ya fara, don tsoron kada ya kama ni a tsakiyar aiki.

Ta yi mini bayani a tsanake, zan rubuta shi yadda na fahimta don kada ya zube. Sunan ciwon a wurinsu maigiren. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon zafi daga kai da fuska, yana bin jini a dangi, kuma ya fi kama mata, kusan ninki uku na maza. In ya taso yakan ɗauki awa 4 zuwa 72. Walƙiyar da nake gani wasu ne kawai ke ganinta, takan yi minti 5 zuwa awa ɗaya kafin ciwon. Idan mutum ya kai kwana 15 a wata da ciwon kai, aƙalla 8 daga ciki irin na ɓarin kai, kuma abin ya wuce wata uku a haka, to ya shiga rukunin wanda ya zauna. Ta tambayi watannin baya, na ce tun Satumba ban ga bambanci ba.

Sai ta zo kan maganin. Farasitamol ko ibufrofen, in ana shan su kwana 15 ko fiye a wata, su da kansu suna mayar da ciwon na kullum. Waɗanda aka haɗa da kafeyin (sinadarin nan da ke cikin shayi da goro) kuwa, irin wanda nake saye kati-kati, kwana 10 ma ya isa. Ƙwayar ta sake ka, ciwon ya dawo, ka ƙara wata, haka za a yi ta yi. Jikina ya yi sanyi. Wata huɗu ina ciyar da abin da nake gudu, kuma a duk inda na sayi maganin nan babu wanda ya taɓa tambaya ta sau nawa nake sha.

Ta auna jinina, ta haska cikin idona, ta sa na yi tafiya a kan layi, na taɓa hanci da yatsa. Baban yara ya ce, "Likita, ba za a ɗauki hoton kan ba?" Ta ce a yadda ta duba ni babu buƙata yanzu. Ta lissafa abubuwan da in sun faru kada mu jira wayewar gari: ciwon da ya faɗo gaba ɗaya cikin minti guda, wanda ban taɓa jin irinsa ba, ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, mutuwar ɓarin jiki ko karkacewar baki ko harɗewar magana, farfaɗiya.

Akwai tambayar da ta yi bayan ta ce Baban yara ya ɗan ba mu wuri: ko ina shan ƙwayar tazarar haihuwa. Ina sha, shekara biyu ke nan. Ta ce mai ganin walƙiya irin tawa bai kamata ta sha wadda ke da sinadarin istirojin ba, domin haɗuwarsu na ƙara haɗarin shanyewar jiki. Ta tura ni sashen da ake bayarwa a canja mini. Wannan maganar nake so ta kai kunnen kowace mace mai irin ciwona, ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne.

Shirin da muka tsayar: in daina ƙwayar kemis gaba ɗaya. In fara amitriftilin miligiram 10 kowane dare a matsayin rigakafi. Ta so ba ni furofaranolol, amma jinina a ƙasa yake. In ciwo mai tsanani ya zo, akwai sumatiriftan, da wani na tashin zuciya, amma kada kwanakin shan magani su kai 10 a wata.

Litinin, 20 ga Janairu

Kwana biyar babu ƙwayar. Ta gargaɗe ni cewa abin zai ƙara muni kafin ya yi sauƙi, amma ji daban, gani daban. Kai ya ƙi sauka dare da rana. Hannuna na rawa. Shago a rufe. Jiya da dare na tashi na zazzage jakata ina neman ko guda ɗaya ta maƙale a aljihu. Baban yara ya riga ya kwashe. Na yi masa faɗa, ya yi shiru, ya jiƙo tawul ya ɗora mini a goshi.

Lahadi, 26 ga Janairu

Yau na farka kaina wasai. Na daɗe zaune a bakin gado ina sauraren jikina. Na dafa wa yara dankali da ƙwai, na yi wanki. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Wata guda da fara rigakafin. Yana busar mini da baki, kuma makon farko sau biyu na makara sallar asuba. Na dawo da shansa zuwa bayan isha'i kai tsaye maimakon lokacin kwanciya, nauyin safiya ya ragu.

Yanzu da ciwon ya daina zama na kullum, na fara ganin kamanninsa. Da can duk kwanakin sun cakuɗe. Ashe yana aiko da saƙo tun kwana guda kafin ya iso: hamma ba ƙaƙƙautawa, wuya ya riƙe, raina ya ɓaci babu dalili, ga kwaɗayin zaƙi. Shekara da shekaru na ɗora wa alewar madara da lemon kwalba laifi, ina cewa su ke tayar mini da shi. Littafin ya nuna hamma da riƙewar wuya suna riga kwaɗayin zuwa. Ke nan ciwon ya riga ya kamo hanya kafin in aika a sayo. Bayan ya tafi ma yakan bar ni yini guda kamar wadda aka yi wa duka, ba na iya lissafin kuɗin ɗinki daidai.

Abubuwan da suka fito fili a layukan su ne kwanan zaune a kan keke, da tsallake abincin rana, da kwana biyu kafin al'ada. Na ukun ba yadda zan yi da shi. Biyun farko kuwa ni nake jawo su.

Turaren wuta yana nan tsaka-tsaki. Ranar da nake lafiya ba ya yi mini komai, ranar da aka yi hamma kuwa ko wucewar mai humra a ƙofar shago sai na ji shi har ƙeya. Hayaƙin janareta haka. Na sa an mayar da namu bayan gini, an ƙara tsawon waya. Doguwar fitilar nan mai ƙyaftawa ita ma na cire ta.

Sumatiriftan na sha sau uku. Sai ciwon kansa ya fara ake sha, ba lokacin walƙiyar ba. Sau biyu ya sauke shi cikin awa biyu. Na ukun na yi jinkiri ina ganin tsadarsa, ina cewa bari in gani ko zai wuce, ya zo bai yi aikin komai ba. Samunsa ma aiki ne, sai da Baban yara ya zaga manyan shagunan magani na wajen Taminus.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Jimillar wata: ciwo kwana 13, magani kwana 7.

Ana duban wata yau. Azumi a wurin tela shi ne kakar shekara, abin da ake samu na ɗinkin sallah shi ke biyan hayar shago. Bara na karɓi kaya sun haura 90, goman ƙarshe ban san gado ba. Bana na rubuta a kwali na manna a ƙofa: kala 50, daga nan an rufe. Babbar yarinyar shagon ta ce, "Anti, mutane za su gudu fa." Na ce na sani.

Shayi ma tun mako biyu da suka wuce na fara rage shi kaɗan-kaɗan, daga kofi huɗu zuwa ɗaya, don yanke kafeyin rana guda shi kansa ciwon kai ne. Likita ta ce rigakafin na dare ne, bai ci karo da azumi ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi na shida. Uku na farko sun ba ni wuya, kullum daga la'asar. Na mayar da sahur kusa da kiran assalatu, na ƙara ƙwai da wake da gwaten acca, ruwa kuma ina kurɓa a hankali daga shan ruwa zuwa kwanciya. Bushewar bakin nan ta maganin ita ce jarrabawar rana.

Laraba, 12 ga Maris

Jiya na karya azumi. Walƙiyar ta zo da hantsi, ciwon ya biyo baya, kafin azahar na yi amai har babu abin da ke fita. Na sha magani ina kuka, ba don ciwon kaɗai ba.

Da daddare Baban yara ya tambayi malaminsu bayan tarawihi. Malam ya karanto masa ayar Suratul Baƙara da ta yi wa marar lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki. Ya kuma ce ciwon nan sananne ne, Larabawa na kiransa shaƙiƙa, kuma a Bukhari akwai hadisin Ibn Abbas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an yi masa ƙaho a ka yana cikin harami saboda shi. Ban taɓa jin wannan ba. Shekara nawa ana ce mini raki ne, ana cewa ciwon kai ai ba ciwo ba ne, har ni ma na fara yarda. Na daɗe ina juya hadisin nan a raina kafin barci ya ɗauke ni.

Hajiya da ta ji ta ce to a kira wanzami. Zan tambayi likita tukuna, in ma za a yi sai a wurin da na ga tsabtar kayan aikinsu da idona.

Asabar, 22 ga Maris

Ciwon kai da zazzaɓi mai zafi tun daren Alhamis, kuma duka kan ne, ba ɓari ba. Lokacin sanƙarau ne, na tuna gargaɗin da aka yi mana, muka tafi asibiti da dare. Wuyana na lanƙwasuwa lafiya. Gwajin jini ya nuna maleriya, ta gaskiya wannan karon. Abin da ya ba ni mamaki shi ne tun a gida na san wannan ba nawa ba ne. Watannin baya da ƙwaya zan haɗiya in ja bargo.

Laraba, 2 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadi. Maris: ciwo kwana 15 har da na maleriyar, magani kwana 9, azumi 4 na sha ban da na al'ada. Ya fi Fabrairu yawa, amma ban ƙetare iyakar 10 ba, kuma wannan nake kallo.

Kaya 50 ɗin duk sun fita kafin jajibere. Karon farko tun da na buɗe shago na je idi da ƙafata maimakon in kwana a ƙarƙashin keke. Amma kuɗin da ya shigo bai kai na haya ba, sai da na taɓa adashe. Wata da na yi shekara bakwai ina yi mata ɗinki ta zo a makare, na ce an rufe. Ta ce, "Lallai kin yi kuɗi, Hajiya." Ta kwashe atamfofinta. Maganar ta tsaya mini. Na so in buɗe mata bayan littafin nan ta gani, ban yi ba.

Laraba, 30 ga Afrilu

Kwana 8 kacal, 3 na kwanciya. Magani kwana 5. Likita ta ce ana cewa rigakafi ya yi aiki idan kwanakin suka ragu da rabi, kuma sai an ba shi wata biyu zuwa uku kafin a yanke masa hukunci. Daga 19 zuwa 8 ya wuce rabi. Na rama azumi biyu.

Na tambaye ta zancen ƙaho. Ta ce ba ta hana ni ba muddin da tsabta, amma kada in ajiye maganina saboda shi. Na kuma tambaye ta allurar da ƙanwata ta gani a intanet. Ta ce gaskiya ne, tun 2018 aka fara amfani da irinta a Amurka, ana yin ta sau ɗaya a wata, an ƙirƙire ta ne musamman don wannan ciwon. Tsadarta da wahalar samunta sun sa ba maganarmu ba ce yanzu, kuma wanda nake kai yana aiki.

Litinin, 19 ga Mayu

Koma baya. Bikin 'yar yayata a Bauchi: tafiyar rana, zafin da ba mu saba da shi a Jos ba, lasifika, turare ta ko'ina, kwana uku babu barcin kirki, kuma na manta rigakafin a gida. Na dawo na kwanta kwana huɗu a jere. A rana ta uku wata maƙwabciya ta miƙo mini irin ƙwayar da na bari, ta ce, "Sha mana, Maman yara, ɗaya ai ba ta kisa." Na riƙe ta a tafin hannu na ɗan lokaci, sannan na mayar mata. Ba na zarginta, tausayina ta ji.

Ruwa ya sauka sosai. Na lura wasu ranakun da hadari ya haɗu kaina na yin nauyi, amma sau uku ne kawai a littafi, bai isa in ce komai ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Mayu: ciwo kwana 11, magani kwana 8. A ziyarar ƙarshen wata likita ta ɗaga amitriftilin zuwa miligiram 25. Na ƙara kilo uku tun Janairu, ta ce maganin na iya jawo haka, don haka na fara tafiyar ƙafa da safe, daga gida zuwa Titin Bauchi in dawo, kafin in buɗe shago.

Shekaranjiya aka yi babbar sallah. Kala 40 na karɓa. Na tsaya a kan tukunyar suya har la'asar, hayaƙin ya fara hawa mini kai, na miƙa wa ƙanwata matsami na shiga ɗaki na rufe labule. Ya tsaya a nauyi, bai kai ga bugawa ba.

Ƙaramar yarinyar shagon, mai shekara 17, ta same ni ranar jajibere tana murza gefen ido. Ta ce, "Anti, ni ma nakan ga wani abu yana ƙyalli." Na tambaye ta me take sha, ta fito da kati daga jaka, saura biyu a ciki. Na yage mata takarda huɗu daga tsakiyar littafin, na ja mata layukan. Ranar 25 ga wata nake komawa asibiti, na ce ta gaya wa mamanta, in ta yarda mu tafi tare.

Yuni zuwa yau: kwana 8, ciwo 2, magani 1. Saura azumi biyu a kaina.